Kukan da Ke Bin Totur

Wata daga cikinku ta rubuto min makon jiya ta ce, "Baiwar Allah, wata goma sha huɗu kina jiran mutum ɗaya, wai me kike jira ne?" A ɗakin hutun ma'aikata na karanta saƙon, da kofin shayi a hannuna, har shayin ya huce ban samo abin da zan ce mata ba. Don haka yau zan ba ku labarin Asabar ɗin da ta wuce tiryan-tiryan, ku yi alƙalancin da kanku.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, nas ce ni a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata. Ni ce ƙarama a gidanmu, shi ya sa kowa Auta yake ce min, har likitocinmu. Gida ɗaya muke da Mama, da Yaya da matarsa, da 'ya'yansu mata uku, biyu daga cikinsu a ɗakina suke kwana. Irin gidan nan ne da ko atishawa ka yi sai mutum huɗu sun tambaye ka ko mura ce. Shi kuwa mutumin da ake ta magana a kansa, Mai Waya nake ce masa, domin wayarin mota ne sana'arsa.

Mota ce ta haɗa mu. Tsohuwar motar Baba, Allah ya jiƙansa, mai ruwan toka, wadda ƙofar bayanta sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Rediyonta ya mutu, na kai ta layin masu gyara, aka nuna min wani dogon mutum yana zaune a ƙasa yana warware waya kamar mai tsefe kan yarinya. Minti biyar bai yi ba rediyo ya kama magana, ya ce fiyus ne kawai. Sai ya tsaya yana sauraron sifikokin, ya yamutsa fuska.

"Malama, wannan ai ba sauti ba ne, tari ne."

Asabar biyu ya yi yana aiki a motar nan, ni ina kan benci ina yi kamar karatu nake. Ya sa sababbin sifikoki huɗu, ya ɗaura amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, a cikin but ɗin bayan motar. Kowace waya sai ya shimfiɗa ta ya ɗaure, tsaf kamar layin kitso. Hannunsa na fara so kafin fuskarsa. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku.

Bayan wata bakwai ya samu aiki a wani kamfanin manyan motoci, tafiyar awa tara daga nan. Ya ce shekara ɗaya zai yi ya tsaya da ƙafafunsa, sannan ya turo manyansa gidanmu. Tun daga ranar motar nan ta zama falonmu ni da shi. Ƙarfe biyu in na tashi daga aiki, sai in jona wayata da rediyo, in ɗaga gilashi, in kira shi. Muryarsa ta fito min ta gaba ta fito min ta baya, kamar yana zaune a kowace kujera. Cunkoson da kowa ke tsine wa, ni addu'a nake ya daɗe.

Wata biyu da suka wuce kukan ya fara.

Siririn kuka ne, tsiiiii, kamar sauro ya shiga cikin kunne ya ƙi fita. In motar tana tsaye yana ƙasa-ƙasa. Ina taka totur sai ya tashi sama, in na canza giya ya faɗo ya sake hawa. Da farko dariya abin yake ba ni. Daga baya hirarmu ta koma kalma uku.

"Me ka ce?"

"Na ce ya aikin?"

"Wane baƙin?"

"Aiki, Auta. Aiki!"

Wallahi akwai ranar da na faka a gefen titi na kifa kai a sitiyari na yi kuka, ni da sifika muka haɗu muna yi. Mutum yana nesa, abu ɗaya da ya rage maka nasa murya ce, ita ma a zo a saka maka sauro a cikinta.

Yaya ya ji tausayina ya ɗauki motar ya kai wa wani mai gyara a hanyar ofishinsu. Mutumin ya maƙala wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana a jikin wayoyin, wai shi ke tace ƙara. Abin da ya tace shi ne daɗin sautin. Murya ta koma kamar mutum yana magana da matashi a bakinsa, sauron kuwa yana nan daram.

Kuma ba motar kaɗai ce ta canza ba, gara in faɗa muku gaskiya. Kusan wata huɗu ke nan Mai Waya ya daina rubuto min saƙo. Mutumin da a da yake cika min waya da rubutu har da waƙafi da aya, ya koma sai saƙon murya, gajere-gajere. In na kira shi ta bidiyo ba ya ɗauka, sai ya ce sabis babu kyau. Shekara ta cika, wata biyu suka hau kai, maganar manyansa shiru. Na san abin da kuke rayawa a ranku, don ni ma na raya shi. Na ce wata ya samu a can, har kamanninta na zana a zuciyata, na ba ta wushirya.

Ranar Alhamis da yamma na dawo na tarar da takalmin Gwaggo a ƙofar falo. Yayar Baba ce, kuma in ta zo da babbar jakarta mai zif biyu, to ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Ko farin kayan aikina ban cire ba ta yafito ni.

"Zo nan, 'yar nan. Zauna. A'a, nan kusa da ni, ba cizo nake ba."

Na zauna a hannun kujera. Mama tana gefe tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba. Yaya yana riƙe da rimot, ya kashe sautin talabijin amma idonsa na kai.

"Mai Tabarau ya sake zuwa wurina," in ji Gwaggo. "Karo na uku ke nan. Mutum da shagonsa, da hankalinsa, ba ya shan komai sai ruwa. Wai ke me kike nema ne a duniyar nan?"

Bari in yi masa adalci a gabanku. Mai Tabarau mutumin kirki ne. Shi ya auna idon Mama ya yi mata gilashi, da ya ga yana zame mata ya zo har gida ya matse shi. Ba shi da laifin komai. Laifinsa ɗaya, in ya yi sallama zuciyata ba ta ko motsawa.

"Gwaggo, ai kin san da maganar wani."

"Wane wani? Na cikin rediyo?" Matar Yaya ta fashe da dariya daga kicin, ta mayar da ita tari. "Shekara da wata biyu, ko ƙeyar kawunsa ba mu gani ba. Mu ba dole muke miki ba, ubanki ma bai yi wa kowa dole ba. Amma ba a ajiye bawan Allah a tsaye kamar sandar lantarki. In e ne e, in a'a ne a'a, ya kama gabansa."

Yaya ya yi gyaran murya. "Auta, gaskiya Gwaggo ta faɗa. Ni ina son yaron nan, kin sani. Amma mutum in da gaske yake, ko waya ai ya kira ni."

Wannan ce ta soke ni. Na dubi Mama ko za ta ce wani abu. Ta ɗauki zanen gado ta kama gefe da haƙori tana ninkewa.

Gwaggo ta ja zif ɗin jakarta. "Asabar bayan la'asar zan dawo. Ki tanadi amsa."

Na shiga ɗaki na tura yaran waje, na zauna a bakin gado na rubuta masa:

*Gwaggo ta ba ni zuwa Asabar in ba da amsa a kan Mai Tabarau. Ka gaya min abin da zan ce musu.*

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na zuba wa wayar ido. Minti goma. Rabin awa. Na yi wanka na fito, babu komai. Sai da aka zuba abinci sannan ta yi ƙara. Saƙon murya, sakan goma sha ɗaya. Na manna ta a kunne.

"Asabar ba ki da aiki ko? Ki nemo sifana mai lamba goma, da sukudireba, da ɗan sanfefa. Za mu cire kukan nan daga motarki."

Jama'a, ku ji fa. Ina maganar rayuwata, yana maganar sifana. Na rubuta masa magana mai zafi layi shida, na goge. Na rubuta *To*, na tura. Ranar Juma'a a wurin aiki sau biyu ana kiran sunana ban ji ba. Amma da na tashi, ƙafata da kanta ta kai ni shagon kayan gini na sayo sanfefa.

Asabar ƙarfe tara na safe na fito tsakar gida cikin tsohuwar doguwar rigata mai ruwan ƙasa, wadda hannunta ya ɗan yage, na ɗaure kaina da ɗankwali tamau, na ɗauko akwatin kayan aikin Baba daga ƙarƙashin matakala. Matar Yaya tana shanya ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Yau ake zuwa jin amsa, amarya ta koma bakanike."

Ban kula ta ba. Na tura masa: *Na shirya.*

Saƙonsa na farko ya shigo. Muryar tana amsa-kuwwa kaɗan, kamar a ɗaki mai tayil yake. "Kar ki taɓa komai tukuna. Kunne ake fara sa wa aiki kafin hannu. Murɗa makulli rabi, kar ki tayar da inji, ki kunna rediyo. Akwai kukan?"

Na yi. Wani mutum yana karanta labarai, tas. *Babu.*

"To tayar da ita. Taka totur a hankali. Kuka ne mai hawa da sauka, ko ƙas-ƙas-ƙas ne kamar ana taɓa ƙarfe?"

*Mai hawa da sauka.*

"Madalla. Da ƙas-ƙas ne da filogi za mu nema. Wannan muryar altaneta ce, abin da ke cajin batir in inji yana juyawa. Kowace mota tana da ita, ba laifinta ba ne. Tambayar ita ce ta wace ƙofa take shigowa cikin sautinki. Cire cajar wayarki daga soket."

Na cire. Wani ɗan shuuu da ban ma san yana nan ba ya ɗauke, amma sauron bai tafi ba. Na gaya masa.

"Wannan cajar ki ba yara su yi wasa da ita. Yanzu rage sautin rediyo har ƙarshe, ki sake taka totur."

Mai labarai ya yi shiru. Tsiiiii, kukan ya tashi shi kaɗai, ko kunya babu.

"Kin gani? Rediyo ya yi shiru shi bai yi ba. Ke nan ba daga cikin rediyo yake ba, a hanya yake shiga, ko a baya. Je ki buɗe but."

Ku yarda da ni, a lokacin nan haushinsa nake ji har wuya. Amma rabon da in ji muryarsa da rai haka, da sauri, da ɗan wasa a cikinta, na manta. Kowane saƙo sai na saurara sau biyu, na farko don aikin, na biyu don ni.

Na buɗe but, na fitar da tabarmar roba da jarkar ruwa da wata tsohuwar lema. Ga amfilifayar nan a ɗaure inda ya ɗaure ta. Na ɗauki hoto na tura masa. Amsar ta zo da sauri, muryar ta canza.

"Wa ya yi min wannan? Wa ya haɗa min wayoyi ya naɗe da salatif kamar ƙunshin tsumma? Kuma mene ne wannan baƙin abin?"

*Mai gyaran Yaya ne.*

"Allah ya shirye shi. Mutum yana ciwo an toshe masa baki an ce ya warke. Bari mu bi a hankali. Akwai wayoyi biyu masu kai ja da fari da suka shiga jikin akwatin, su ke kawo sauti daga gaba. Zare su, inji yana aiki, ki saurara."

Na zare. Na zagaya na buɗe ƙofa na danna totur da hannu. Kukan yana nan, ya ɗan ragu kaɗan amma yana nan.

Saƙon da ya biyo baya sai da ya ɗan jima. "To mun kama shi. Babu abin da ke shiga akwatin amma yana kuka, ke nan ƙafarsa ce ba ta taka ƙasa sosai ba. Kashe motar. Buɗe gaba ki kwance kan batir, baƙin, ki kawar da shi gefe. Auta, kar ki tsallake wannan. Ki kwance ki turo min hoto in gani da idona."

Na yi murmushi ni kaɗai. Na kwance na tura.

"Yauwa. Koma baya. Akwai gajeriyar baƙar waya mai kauri da ta fito daga akwatin. Ita muke ce wa at. Aikinta ta kama ƙarfen jikin mota, duk wata ƙazantar wuta ta bi ta nan ta wuce. Bi ta da hannu har inda ta ƙare."

Na durƙusa na cusa rabin jikina a cikin but, na ɗaga kafet. Wani warin danshi ya buge ni. Ashe robar murfin but ɗin ta tsage a kusurwa, ruwan sama yana ta zuba yana taruwa a gefen tayar safaya ban sani ba. Wayar ta ƙare a kan wani noti da ya yi jawur da tsatsa, har wani kore-kore ya fito a bakinta. Na taɓa ta da yatsa sai ta yi motsi.

*Na gan shi. Ya yi tsatsa, kuma yana rawa.*

"Shi ne ɓarawon. Kwance shi. Ki goge ƙarfen da sanfefa har sai ya yi ƙyalli kamar bayan cokali, kar ki bar tsatsa, kar ki bar fenti. Ki goge bakin wayar ma. Sannan ki ɗaure da duk ƙarfinki."

Notin nan sai da ya ci min fatar yatsa biyu kafin ya juya. Rana ta taso ta daki bayana, gumi yana shiga min ido, ɗankwalin ya zame. Ina gogewa ina tuna ranar da ya ɗaura shi, yana kwance a wurin nan da nake, yana ce min wannan ƙaramar wayar ta fi duk sauran muhimmanci amma ba wanda ke kallonta. Na goge har na ga hasken rana a jikin ƙarfen. Na ɗaure. Ya sa na cire baƙin abin mai gyaran Yaya, na warware salatif ɗin, na raba wayoyin sauti da babbar jar wayar wuta, waɗannan ta dama, waccan ta hagu, yadda ya shimfiɗa su tun farko. Ya ce in suka kwanta jiki da jiki, ɗaya tana ɗaukar kukan ɗaya.

Na mayar da ja da fari, na ɗaura kan batir. Agogon motar ya koma sha biyu daidai yana ƙiftawa. Na zauna a kujerar direba, hannuna baƙi ƙirin, na sauke gilasai saboda zafi, na tayar da inji. Na taka totur.

Shiru. Na sake takawa har motar ta yi gurnani. Babu komai sai inji.

Na yi wata ƙara da sai da kajin maƙwabta suka amsa. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe: *YA TAFI!*

Saƙon murya, sakan uku. "Jona wayar. Ki kira ni."

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Auta."

Wayyo Allah. Wata biyu rabon da in ji sunana haka. Har numfashin da ya ja kafin ya faɗa sai da na ji. Na rufe ido na jingina da kujera.

"Ina jin ka," na ce. "Ina jin ka sosai."

"Aikinki ya yi kyau. Da kina kusa da na ɗauke ki aiki."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji wani abu a bayan muryarsa. Ti-ti-ti. Shiru. Ti-ti-ti. Na miƙe zaune. Shekara huɗu ina jin wannan ƙarar kullum, ko a mafarki na san ta. Na'urar ƙarin ruwa ce in ledar ta ƙare. Sai ga ƙarar tayar keken magani, irin mai ƙafa ɗaya da ke ciccijewa. Sai muryar wata mata daga nesa, a gajiye, irin muryar da ni ma nake yi: "Gado na shida, a shirya, za a wanke ciwo."

"Kana ina?"

Na ƙara sautin rediyo.

"Na ce kana ina? Kar ka ce min gareji. Wa ke gado na shida?"

Ya sauke numfashi, sifikoki huɗu suka sauke shi tare. "Ni ne."

Ya ba ni labarin a hankali, kamar yana karanta na wani. Wata huɗu da suka wuce yana duba altanetar wata babbar mota, hannunsa na cikin inji, wani direba bai san yana wurin ba ya murɗa makulli. Bel ɗin injin ya kama hannun. Yatsu uku suka tafi a ranar. Ya warke ya koma ɗakinsa, sai ciwon ya ruɓa daga ciki, mako uku ke nan da aka sake kwantar da shi aka sake shiga tiyata. Saƙonnin da yake turo min, banɗaki yake shiga ya yi su don kar in ji ƙarar ɗakin.

"Wane hannu?" Na san amsar, amma bakina ya tambaya.

"Na dama."

Na dubi nawa hannun a kan sitiyari, baƙi da tsatsa, na kasa ganinsa sosai.

"Wata huɗu," na ce. "Ni nas ce. Aikina ke nan, kullum shi nake yi wa mutanen da ban sani ba. Wata huɗu kana can kai kaɗai, ni ina nan ina zargin ka da wata mai wushirya?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Da me zan turo manyana, Auta? In ce musu ga mai wayarin da ba ya iya murɗa waya? Ko maɓallin rigata sai an sa min."

"Shi ne ka sa ni gyaran mota."

"Na yi niyyar gaya miki tun ranar Alhamis. Sai na tuna kukan nan. Na san ina faɗa za ki ce min, me ka ce? Ni kuma ba zan iya faɗar ta sau biyu ba."

Nan hawayen suka ƙwace min. Na toshe bakina da bayan hannu don kar ya ji, na manta yanzu komai ana ji.

"Kar ki yi kuka. Saurare ni. Mutumin nan na tabarau, na yi tambaya a kansa, kowa alheri yake faɗa. In Gwaggo ta zo, ki ba su amsar da za ta kwantar wa Mama da hankali. Ni na yafe miki alkawarin."

"Wa ya ce maka ina neman yafiya? Wa ya ba ka izinin yanke min—"

"Ga su nan sun iso da keken. Allah ya yi miki albarka, Auta."

Ƙit. Ya kashe.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba, inji yana aiki, ni ina kallon bangon gidanmu. Awa tara. Ina da aiki Litinin. Ban taɓa tuƙin da ya wuce awa ɗaya ba. Ina cikin wannan lissafin na ga inuwa a kan cinyata. Na juya.

Mama ce tsaye a jikin taga, da kofin ruwan sanyi a hannunta. Ƙanƙarar ciki ta narke saura 'yar mitsitsiya, na gane ta daɗe a wurin. Gilasai a sauke, sifikoki huɗu, sauti tas. Babu kalmar da ta wuce ta.

Ta zagaya ta gaban motar, ta buɗe ɗaya ƙofar ta shigo ta zauna. Tun rasuwar Baba ba ta sake zama a kujerar nan ba, ko asibiti za mu je baya take shiga. Ta miƙo min kofin.

"Sha."

Na sha.

"Wa yake jinyarsa a can?"

"Ban sani ba, Mama."

"Uwarsa ta sani?"

"Ban sani ba."

Ta gyara gilashinta, ta daɗe tana kallon gaba. Mama mace ce da ba a karanta fuskarta, mu da ta haifa ma sai dai mu yi hasashe. Ko cewa za ta yi, to kin ji da kunnenki, ya sallame ki? Ko me?

Sai aka buga ƙofar gida. Bugu uku masu ƙarfi, da muryar da ba ta buƙatar amfilifaya.

"Ku buɗe mana! Na ce bari in zo da wuri, zafin la'asar ba ya min daɗi!"

Gwaggo. Ko azahar ba a yi ba. Na ga matar Yaya ta fito da gudu tana gyara mayafi za ta buɗe. Mama ta ɗaga mata hannu ta taga alamar ta dakata. Sannan ta nuna wayata da haɓa.

"Kira min shi."

"Mama, wanke ciwo ake—"

"Na ji ai. Kira."

Na danna. Ƙarar kiran ta cika motar. Ɗaya. Gwaggo ta sake dukan ƙofa. Biyu. Uku. Huɗu. Har na cire rai, sai aka ɗauka, muryarsa ta fito a dashe, ta mutumin da ya cije haƙori.

"Auta, don Allah, na riga na gaya miki—"

Mama ta matso da fuskarta kusa da rediyo, kamar yana ciki.

"Ba Auta ba ce, ɗan nan," ta ce. "Uwarta ce. Gaya min sunan asibitin."